Ruwan Magaryar Inna Batulu

Ramatu ta shekara guda a kwance, kuma tun bayan azumi ta daina maganar warkewa. Abu ɗaya take maimaitawa, shi ne wadda za ta yi mata wanka idan ta cika.

"Ke za ki yi mini, Batulu," in ji ta. "Kada ki bar ni a hannun yaran nan masu gaggawa."

"To ki mutu mana mu gani," Batulu ta ce, tana matsa mata ƙafa. "Shekara guda kina yi mini alkawari, har yau ban ga komai ba."

Ramatu ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa, sai ta riƙo hannun ƙawarta.

"Ba wasa nake ba."

"Na sani. Ni zan yi, in Allah ya sa na fi ki jinkiri."

Shekara arba'in suna maƙwabtaka a wani lungu na Kusfa, cikin birnin Zariya. Tare suka yi goyo, tare suka aurar, kuma mazajensu sun rasu shekara biyu tsakani. Batulu, wadda kowa ke kira Inna Batulu, ita ce mai wankan gawar mata a lungun da kewayensa. A wurin kakarta ta koya. Ba ta karɓar ko sisi, ba a kuma taɓa jin ta fito ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaciya ba.

Tana da nata tsarin aiki. Da an aiko mata, sai ta daka ganyen magarya a gida, ta jiƙa, ta tace, ta ɗura ruwan a jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa da ke kowane gida. Idan ta isa, takan juye shi a bokiti ta ajiye a tsakar gida, ta riƙa ɗiba da kwano tana shiga da shi ɗaki. Abin da ya shiga ɗaki ba ya fitowa, yana bin rami ya tafi. Abin da ya rage a bokiti kuwa ruwa ne mai tsabta da bai taɓa kowa ba, sai ta mayar da shi jarka. Ba ta son a zubar da abin da zai yi amfani.

A watan Safar aka yi rasuwa biyu rana ɗaya. Ta farko ƙanwar mijin Ramatu ce, ta biyu wata tsohuwa a wajen Kufena. Suhaib, babban ɗan Ramatu, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna, ya zo jana'izar goggon tasa. Ƙaninsa yana karatu a ƙasar waje, ya roƙe shi ya nuna masa gida, don haka Suhaib ya ɗauki bidiyo na minti shida. Ya fara da maza a kan tabarmi a ƙofar gida, ya bi ta zaure, ya leƙa tsakar gida. A minti na huɗu ana ganin Inna Batulu a tsugune tana juye wani ruwa kore mai kumfa cikin jarka. Jim kaɗan sai wata mata ta tambaye ta, ita kuma ta amsa da ƙarfi: "Wannan bai shiga ɗaki ba. Kufena zan kai, akwai wata gawar tana jira."

Suhaib ya tura wa dangi. Wata 'yar uwarsu ta ɗora shi a wurin nan na waya da ake sa hoto ya kwana ɗaya ya ɓace. Wurin ba ya ɗaukar dogon bidiyo, sai ya yanka shi gunduwa-gunduwa da kansa. Tsugunon Inna Batulu ya faɗa a gunduwa ɗaya. Amsar da ta bayar ta faɗa a ta gaba.

Bayan kwana uku, gunduwar tsugunon ta shigo guruf ɗin unguwa na waya, wanda ke da mutum ɗari uku da wani abu. An ƙara datse ta, ta koma daƙiƙa goma sha tara. Tare da ita akwai saƙon murya na wani namiji da ba wanda ya sani. A natse yake magana, da sallama da salati. Ya ce jama'a su yi hattara, akwai wata mata a birnin Zariya da ke kwasar ruwan wankan gawa tana sayar wa masu abinci don jan ciniki. Bai ambaci suna ba. Wayar ma ba ta nuna daga wa saƙon ya faro ba. Abin da ta nuna kawai 'yar alama ce ta kibiya biyu a samansa, da rubutu ƙanana cewa an tura shi sau da yawa.

Masu wayar sun yi wata dabara don rage yaɗuwar irin wannan: saƙon da ya yi yawo sosai ba ya turuwa sai wuri ɗaya a lokaci guda. Mutanen lungun ba su da haƙurin haka. Wanda ke son ya faɗakar da guruf biyar, sai ya danna ya faɗi labarin da bakinsa, ya tura sabo. Haka kafin Juma'a muryar baƙon ta ɓace, aka koma jin muryoyin da aka sani: ta mai shagon kan kwana, ta wata malamar makarantar mata, ta direban da ke lodin Kano. Kowa ya sa abin da ya ga ya dace. Wannan ya ce ya gane zanen da ta ɗaura. Wancan ya ce a Kusfa take. Wata ta ce, ba don tana zargin kowa ba, amma a tuna wace ce ke sayar da zoɓo a cikin jarka mai ruwan ɗorawa.

Mai zoɓon ita ce Munira, 'yar Inna Batulu, wadda ke aure layi biyu daga gidan uwarta. Shaguna bakwai take kai wa zoɓo da kunun aya. Ranar Asabar shida daga ciki suka dawo mata da kayanta. Na bakwai ya zubar da nasa a kwata a gaban mutane, ya ɗauki hoto.

Inna Batulu ƙaramar waya gare ta mai tocila, ba ta san ana yi ba. Munira ce ta zo da hantsi ta kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake nuna mata hoton.

"Ai ni ce," ta ce. "Ranar Kufena ce. Me ya faru?"

"Inna, cewa suke ruwan gawa ne."

"Ruwan gawa yana da kumfa haka? Duk wadda ta taɓa tsayawa a ɗakin wanka ta san ba haka yake fita ba."

"Su ba su taɓa tsayawa ba, Inna."

Munira ta rubuta bayani a guruf, layi goma sha biyu, a tsanake. Ta zauna tana kallo. A cikin minti biyar saƙonni arba'in suka biyo baya, masu salati, masu neman tsari, masu hoton fuska tana kuka, masu tambayar wace ce. Bayaninta ya haura sama ya ɓace. Wanda ya buɗe waya bayan haka, ƙasa yake sauka, inda ake hayaniya. Mutum ɗaya ne ya amsa mata. Ya ce, "Dama me za ki ce?"

Ta yafa mayafi ta tafi shagon Tanko tela, wanda shi ne admin, wato mai riƙe da ragamar guruf ɗin. Ta same shi a kan keken ɗinki, tef a wuya.

"Yaya Tanko, kai ka san Inna. Ita ta wanke mahaifiyarka."

"Na sani, Munira. Abin da ya hana ni barci ke nan." Ya tsayar da keken. "Ni ban ce ta yi ba. Amma dubi nan." Ya nuna mata kibiya biyun. "Kin ga me aka rubuta? Sau da yawa. Ba ni na rubuta ba, wayar ce da kanta ta shaida."

"Shaidar me? Cewa an tura ta ce, ba cewa an gani ba."

"To muryoyin fa? Goma sha ɗaya na ƙirga. Duk maƙaryata ne? Har da Malama?"

"Ka cire bidiyon."

"Ba ni na sa ba. Ko na cire a nan, yana cikin wayar kowa." Ya ɗauki almakashi ya ajiye. "Ki je gida. Za a duba."

Da la'asar Inna Batulu da kanta ta je wurin Malam Adamu, limamin masallacin lungun, tsoho mai raunin gani da ke karantar da littattafai a zaurensa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta faɗi abin da ya kawo ta. Malam ya sa aka kira Tanko, wanda ya taɓa zama a gabansa shekara biyu kafin ɗinki ya janye shi.

"Allah gafarta Malam," in ji Tanko, "ai a nan muka karanta cewa labarin da ya zo ta bakin jama'a masu yawa, waɗanda ba za su haɗu a kan ƙarya ba, ba a musa shi."

"Ka karanta rabin shafi ka tafi ɗinka wando," Malam ya ce. "Jama'ar da kowannensu ya gani da idonsa ake nufi. Su goma sha ɗayan naka, me suka gani?"

"Bidiyon."

"Wane ne ya ga ta sayar?"

"Ban ji wanda ya ce ya gani ba, Malam."

"Wane ne ya fara faɗa?"

"Wayar ba ta nunawa, Malam."

"Wato ka kawo mini labarin da ba shi da na farko, kana ce mini yana da yawa."

Munira, wadda ta rako uwarta, ta matso da wayarta. "Allah gafarta Malam, in za ka faɗi wannan a nan in tura, kowa zai ji."

Malam ya ɗaga hannu. "A'a, 'yata. Abin da ya yanka uwarki gunduwa-gunduwa, ni ma zai yanka ni. Gobe a ji ina cewa abin da ban ce ba. Ni magana ido da ido na iya. Zan faɗa a masallaci."

Ya cika alkawari. Washegari bayan azahar ya yi bayani mai kyau a kan zato da ƙazafi, ya ambaci sunan Batulu ya wanke ta. Mutum goma sha huɗu ne a sahu, yawancinsu tsofaffi masu ƙananan wayoyi.

Dattawan lungun suka zauna a ranar. A al'adarsu, idan rigima ta yi tsami, manya kan tara kowa a zaure su ce magana ta mutu, kada a sake tayar da ita, kuma takan mutu, domin duk masu maganar suna zaune a wurin. Haka suka umarci Tanko ya yi. Shi kuma ya danna wani wuri a wayarsa, guruf ya rufe, ba mai iya rubutu sai shi. Ya sa sanarwa cewa manya sun kashe magana, Allah ya rufa asirin kowa.

Munira ta karanta kalmar rufin asiri sau uku. Ta duba ƙasan allo, inda ake rubutu, ta ga babu wurin. Bidiyon da muryoyin suna nan a sama yadda suke. A guruf ɗin 'yan kasuwa da na matan Islamiyya da na tsofaffin ɗalibai, inda dattawan Kusfa ba su da iko, aka shiga cewa an rufe na unguwa ne don abin ya tabbata.

Sai a lokacin ta tuna da Suhaib, wanda aka ce ya ɗauki bidiyo ranar jana'izar goggonsa. Ta kira shi a Kaduna.

"Subhanallahi," ya ce. "Ai nawa ne. Cikakken yana nan, har da inda take cewa Kufena za ta kai. Yanzu zan tura wa Tanko."

Tanko bai ƙi ba, ya sa shi a guruf. Bai rubuta komai a ƙasansa ba, don manya sun ce a yi shiru. Bidiyon minti shida yana da nauyi, ba ya buɗewa sai an danna an jira, kuma yana cin data. Mafi yawa suka wuce shi. Waɗanda suka buɗe sun ga maza a kan tabarmi, minti ɗaya, minti biyu, suka ce tsohuwar jana'iza ce suka rufe. 'Yan kaɗan sun kai minti na huɗu sun ji amsar Inna Batulu. Ɗaya daga cikinsu ya so ya rubuta cewa ashe ƙarya ne, ya tarar ba wurin rubutu. Ya ajiye wayar ya ci gaba da harkarsa.

Cikin wata biyu aka yi rasuwar mata uku a lungun. Ba a aiko wa Inna Batulu ba ko sau ɗaya. An samo wasu matasan mata da suka koyi wankan a aji, su ake kira. Idan ta je gaisuwa, sai a amsa mata da ladabi, amma ta lura ana janye butoci daga kusa da ita. Munira ta daina zoɓo. Mijinta ya ce ta rage zuwa gidan uwarta har ƙura ta lafa.

Ramatu kaɗai ce ba ta sani ba. Batulu ta hana a gaya mata, kuma kullum da hantsi tana zuwa matsa mata ƙafa.

"Na ji an yi rashi a gidan masu goro," Ramatu ta ce wata rana. "Ba ki je ba?"

"Bayana ne ya riƙe."

"Ki lallaɓa shi. Kada ya riƙe ranar tawa."

"Ko da rarrafe ne zan zo, uwar mita."

Ramatu ta rasu ranar Talata da sassafe. Kukan jikokinta ne ya sanar da Batulu. Ba ta jira aike ba. Ta yi alwala, ta ɗauko turmi, ta daka magarya da kyau fiye da yadda ta saba, ta tace sau biyu. Ta miƙa hannu za ta ɗauki jarka, sai ta fasa. Ta zuba ruwan a buɗaɗɗen bokiti, yadda kowa zai ga abin da ke ciki da kuma inda ya nufa. Ta ƙulle kafur a bakin mayafi ta fito.

Maza sun fara taruwa a lungu. Suhaib ya iso daga Kaduna, yana tsaye a bakin zaure, idanunsa jawur. Da ya hango ta, sai ya sauko ya tare ta tun kafin ta kai dakali. Ya rusuna.

"Inna."

"Suhaibu. Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri. Matsa mini, rana tana yi."

Bai matsa ba. "Inna, an riga an kira wasu. Suna ciki."

"Su taya ni, ba laifi. Ta bar mini wasiyya, kai ma ka ji da kunnenka."

"Na ji."

"To?"

Ya waiwaya ya dubi mutane, ya rage murya. "Dangin Baba sun zo daga Giwa da Soba. Duk sun ga abin nan. Matata ma 'yan uwanta sun kira. Sun ce in kin shiga, ba za su ci komai a gidan nan ba, kuma za a ce an kwashi ruwan wankan Umma."

"Kai ka ɗauki hoton, ɗan nan. Kai ka san abin da ke cikin jarkar."

"Wallahi na sani, Inna. Na fi kowa sani. Na tura musu cikakken, ba su buɗe ba. Me zan yi? In bi su ɗaya-ɗaya yau, Umma tana kwance?" Ya share fuska da hannun riga. "Ba na son a yi ta yawo da sunanta a waya. Ki yi mini wannan alfarmar. Don ita."

"Don ita," Batulu ta maimaita.

Ta dubi mazan da ke kan tabarmi. Malam Adamu bai iso ba tukuna. Tanko yana can gefe, ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Mutum biyu da ba ta sani ba sun ɗaga wayoyinsu daidai ƙirji, kamar suna duba saƙo.

Ta juya za ta koma gida, bokitin a hannu. Suhaib ya yi saurin shan gabanta.

"Inna, kada ki tafi da shi. In aka ga kin bar gidan rasuwa da ruwa..."

"Ai ban shiga ba."

"Hoton ba zai nuna haka ba."

Ta tsaya. Ba dama ta shiga da shi, ba dama ta koma da shi. Bokitin ya yi mata nauyi, ruwan yana taɓa bakinsa.

"Ki zubar a nan," ya ce a hankali. "A gaban kowa. Shi ya fi."

Inna Batulu ta sunkuya a bakin kwata, ta karkata bokitin. Ba ta watsa ba, a sannu ta zuba, kamar yadda take zubawa a kafaɗar mamaciya. Koren ruwan ya bi lungu yana kumfa, ya ratsa ta gaban tabarmi, maza suna ɗage ƙafafu da takalma. Wayoyin biyu suka bi shi, sannan suka dawo kan fuskarta.

Daga cikin gida wata matashiyar murya ta ɗaga, tana tambaya ko akwai wanda ya tanadi magarya. Sai wata ta amsa mata cewa babu, a sa sabulu kawai, mutane suna jira.